Farar Kwalbar Sannu-Sannu

Sannu-Sannu ake kiransa a tasha, saboda ko kaza ce ta fito titi sai ya taka mata burki. Shekara da shekaru yana jan doguwar bas, bai taɓa ƙwarzane ta ba.

Da likita ya ce hawan jininsa ya kai inda ake tsoro, ga kuma suga, matarsa ta fi shi firgita. Ta rage gishiri a tukunya. Kullum da safe tana bakin ƙofa da farar kwalbar asibiti da kofin ruwa. Shi zai buɗe, ya zazzaga a tafinsa, ita kuwa ba ta matsawa sai ta ga ya haɗiye.

Amma maganin yana sa shi yawan fitsari, ga hanya doguwa.

"Yau wata tsohuwa ta ce min, 'Direba, famfo ka haɗiya?'" Yana faɗa yana dariya, amma ko loma bai kai baki ba. "Mai mota kuma ya ce in mafitsarata ta tsufa, akwai masu jiran makulli."

"Baban 'yan biyu, ka bar musu motar nan," in ji matarsa.

"Mu ci me? Sitiyari?"

Sai ga shi da ƙwayoyin man habbatus sauda, wai 'yan tasha sun ce suna sauke jini, suna wanke zuciya. Har asibiti ta je ta tambaya. Aka ce ya sha in yana so, amma tare da maganinsa, ba a madadinsa ba. Ta roƙe shi har da hawaye. Ya ce ya ji.

Daga nan tsaye-tsayen hanya suka ƙare, fara'arsa ta dawo. Ta ɗauka jikinsa ne ya saba.

Ranar da abin ya zo, sai da ya sa sigina, ya gangara gefen titi, ya ja burkin hannu, sannan ya kifa kai a kan sitiyari. Ko fasinja ɗaya bai bugu ba.

Matarsa ta iso asibiti ba takalmi, kwalbar na hannunta, ta tarar rai ya yi halinsa.

"Likita, wallahi yana sha! A gabana yake sha! Ku sake duba shi, don Allah!"

Likita ya buɗe murfin. Warin habbatus sauda ya tashi. Baƙaƙen ƙwayoyi ne a ciki, babu na asibiti ko ɗaya.

Allah ya jiƙanka, Sannu-Sannu. Har yau da safe takan cika kofin, ta kai bakin ƙofa kafin ta tuna.