Baba George da Zakaransa Mai Sanƙon Wuya

Da aka ce mini akwai wani dattijo a unguwar Romi da ke kamun kifi da gashin zakara, ban yarda ba. Na san sana'ar, domin na gan ta a ƙasar da na yi karatu. A can, idan ganye ya fara zuba, mutum zai shiga kogi mai sanyi a gindin dutse, ya ɗaura gashin tsuntsu a ƙugiya ya yi kama da ƙwaro, ya wurga a saman ruwa, wani kifi mai ɗigo-ɗigo da suke kira tirawut ya taso ya cafka. Amma kogin Romi ruwansa kamar kunu yake, tarwaɗar cikinsa kuwa a laka take kwance, ba ta ɗaga kai ta dubi sama.

Ashe gaskiya ne. Baba George mutumin Kagoro ne, shekararsa saba'in da ɗaya. Ya yi wa wani Bature injiniyan masaƙa aikin kuku shekara goma sha ɗaya. Da masaƙar ta mutu, Baturen ya koma gida, ya bar masa doguwar sandar fatsa da dokokinta. Abokan aikinsa sun sami keken ɗinki ko firji. Shi har yau yana ganin ya fi su rabo.

Kowace shekara, da damina ta ɗauke, sai ya sa hular malafa ya sauka kogi. Masunta suna can da koma, wasu da tana a ƙugiya, shi kuma yana kaɗa zare a iska gaba da baya.

"Baba, shanu kake kora?" in ji wani masunci ranar da na bi shi.

"Kamu da tana na malalata ne," in ji Baba George, bai ko waiwaya ba.

Gashin kuwa daga wuyan wani jan zakara yake figa, wanda ya yi shekara huɗu yana kiwo don wannan aiki kawai. Wuyan ya yi sanƙo, har kajin gidan sun daina kula shi. Matarsa, Mama Celina, ta gaji. A gabana ta yanke hukunci.

"Baban Becky, ran Lahadi bikin godiya ne a coci, baƙi za su biyo mu gida. Ko kifi ya shiga tukunyata, ko zakaran nan ya shiga."

"Ke ba ki san darajar abin ba. Oga da kansa ya koya mini."

"Ogan da kake sayo wa kifin ƙanƙara a kasuwa? Ɗana, tambaye shi, ya taɓa dafa wanda Baturen ya kama?"

Ban tambaya ba. Baba George ya shiga gyaran hularsa.

Ran Asabar da safe muka sauka tare. Awa uku yana wurgi. Ya kamo leda sau biyu, ya kamo reshen mangwaro sau ɗaya. Na fara lissafin yadda zan saya masa kifi wajen masunta ba tare da na ci masa fuska ba, sai ruwa ya motsa. Ƙarfasa ce, mai faɗin tafin hannu biyu, ta taso ta haɗiye gashin. Sandar ta lanƙwashe. Masunta suka bar komarsu suka taho da gudu, wanda ya yi masa ba'ar shanu shi ne kan gaba yana ihu, "Ja, Baba, ja!"

Ya jawo ta a hankali. Ya jiƙa tafinsa, ya riƙe ta, ya zare ƙugiyar.

"Ɗana, ɗauki hoto."

Na ɗauka da wayata. Sai ya durƙusa ya mai da ita ruwa, ya buɗe hannu. Ta tafi.

Wani masunci ya ɗora hannu biyu a ka.

"Doka ce," in ji Baba George. "Mai wannan sanda ba ya cin abin da ya kama. A gaisa ne kawai a rabu."

A gida ya karɓi wayata ya miƙa wa Mama Celina da alfahari. Ta duba da kyau, har ta buɗa hoton da yatsu biyu.

"Kifi mai kyau," ta ce. "Man ja zan sa wa hoton, ko man gyaɗa?"

Ya yi bayani, ya kira ni shaida, ya ce sharaɗin kamu ne, kuma ya kama. Ta ce tukunya ta ambata, ba kamu ba, ni ma ina wurin. Ban iya musawa ba. Ta ɗauko wuƙa.

Ran Lahadi baƙi suka sha farfesu, suna cewa naman ya yi tauri. Baba George bai ci ba. Na same shi a bayan gida a kan benci, da ɗan abin da ya rage na fatar wuyan a shanye a kan kwano, gashin da bai fi na ƙugiya uku ba.

Na ce, "Baba, idan wannan ya ƙare, ina za ka sami wani?"

Ya dubi ƙofar ɗaki, ya rage murya.

"Ka taɓa lura da zakaran gidan Fasto?"