Buzuwar da Ta Yi Damina a Gidanmu

Ina ƙarama, a ƙauyenmu da ke gefen Zakirai, da an kai hatsi rumbu sai Buzaye su gangaro daga arewa cin rani. Har yau in na ji ƙanshin shayi a kan gawayi, su nake tunawa. Maza su yi yaɓen katanga da yasar rijiya, mata su shiga gidaje sussuka da daka. Sai dai ba sa kwana cikin gari, bukkokinsu na can gindin gawo. Ko ruwa za a ba su, ƙoƙonsu daban ne.

Akwai kuma doka, wadda kakata ta ce tun kafin zuwan Turawa haka ta tarar: ranar da ruwan shuka ya sauka, ɗan cin rani ya naɗe tabarmarsa. Ƙasarmu gona ce manne da gona, ana tsoron wanda ya yi damina baɗi zai nemi fili.

Wata Buzuwa ke yi mana daka, doguwa, mai dariya ƙasa-ƙasa. A cinyarta nake barci in tana yi mini kitso. Wata shekara ruwa ya zo da wuri, ita kuwa cikinta ya tsufa, ko sunkuyawa ba ta iyawa, ga doguwar tafiya a kan jaki tana jiranta.

Kakata ba ta je roƙon kowa ba. Hannunta kawai ta kama, ta kai ta ɗakinta.

Da hantsi ɗan aiken mai gari ya yi sallama a zaure.

"Iya, an ce da sauran mutum ɗaya a nan."

"Akwai," in ji kakata daga tsakar gida, tana tankaɗe. "Shigo ka fitar da ita."

"Haba Iya! Ni da gemuna in keta cikin matan aure?"

"To koma ka turo marar kunya. Kai da mai garin duk ni na yanke muku cibiya."

Ya ɗan yi tsaye, ya yi gyaran murya, ya tafi. Ba wanda ya sake zuwa.

Mijin Buzuwar kam bai samu wannan gata ba. Ranar ya bi 'yan'uwansa, yana waiwaye. Gero na kai gwiwa ta haihu, mace, kakata ta yi mata wankan jego kamar 'yarta. Duk daminar nan maijegon ba ta leƙa ko zaure ba, don kada a ce an gan ta. Sai bayan girbi uban ya dawo, ya tsaya a waje, aka miƙa masa yarinya har ta fara zama.