Hasumiyar da na manna wa Dakta Abdulwahidu

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Laraba, 14 ga Yuli, 2021, saura kwana shida Babbar Sallah, korona ta ɗauke mana Dakta Abdulwahidu, malamin zanen gine-gine a nan Kuala Lumpur. Ni ne Ɗan'azumi, mai kai wa mutane tuwon Inno mai abinci a babur a unguwar Wangsa Maju. Allo kaɗai na yi, a yi haƙuri da rubutuna.

Dakta, lokacin kulle kowa ya kama abin yi, kai kuma ka cika teburin falonka da kwalayen tapau, na abincin da ake kawowa gida, kana gina samfurin Sant Katrin, gidan ruhubanawan Kiristocin Otodoks da ke gindin Ɗuri Sinina a Masar. In na kawo tuwo sai ka tsare ni har miya ta huce. Ka ce ganuwarsa ta dutse ta kusa shekara dubu ɗaya da ɗari biyar a tsaye. Ka ce akwai zamanin da baƙo ba ya shiga ta ƙofa, igiya ake zuro masa a jawo shi sama, yanzu kuwa motocin 'yan yawon buɗe ido ke layi. Na ce in ni ne mai igiyar, sai baƙo ya kai tsakiya zan tambayi tsaraba.

Rannan ka tashi sallar La'asar, na ɓalle murfin biro na manna a tsakiyar ginin da sunan hasumiya. Tsokana ce zalla, so nake in ga ranka ya ɓaci. Washegari ka tare ni a ƙofa, takunkumi a haɓa, ido na ƙyalli.

“Wa ya gaya maka akwai masallaci a ciki?”

Ashe akwai! Shekara wajen ɗari tara, hasumiyarsa na kallon ginin ƙararrawar coci. Na yi tsuru-tsuru, na ce ai mu allo ba abin da ba ya koya mana. Daga nan ka dinga faɗa wa ɗalibanka a manhajar zum cewa mai kawo maka tuwo ya fi su bincike. Kunya ta sa na koma tambayarka da gaske, har na san ɗakin tsofaffin littattafansu da bishiyar da suke cewa a nan aka kira Annabi Musa.

Kullum sai in ce gobe zan faɗa maka gaskiya. Aka kai ka asibiti, ba a barin kowa ya shiga. Na ɗauki yabon da ba nawa ba, mai yafe min kuma ya tafi.

Jiya na kira matarka, Anti Halimatu Sadiya, na yi mata gaisuwa, na faɗi laifina. Ta yi dariya cikin kuka. Ta ce tun a ranar ka gane, don a kan rufin cocin na manna abin, kai ka gyara masa wuri kafin in dawo.

“Cewa ya yi a ƙyale ka,” in ji ta, “yabon ne zai sa ka karatu.”

Dakta, shekarata nawa ina tsokanar mutane, ba wanda ya taɓa kama ni irin wannan.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa, Ka haskaka kabarinsa, Ka gina masa gida a Firdausi. Anti Halimatu, yara Afnan da Zaid, da 'yan uwa na Kano, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.