Alƙali Hubert da Ƙofar Baya

Tun Hubert Dohmen yana yaro yayarsa Hiltrud ta san halinsa. In kwano ya fashe a ɗakin girki, kafin mahaifiyarsu ta waiwayo ya riga ya sulale ta ƙofar baya, Hiltrud ce za ta sha faɗan. A ba shi haƙƙinsa, bai taɓa yin ƙarya ba. Shi dai ba a samunsa ne a inda ake bukatar bakinsa.

Ubansu ya mutu da wuri, uwar ta riƙe su da gashin burodi a Lenrath, ƙauyen da Allah Ya jarabta da kwal a ƙarƙashin gonakinsa. Hubert yana da ƙwaƙwalwa, sai aka tura shi karatun lauya, Hiltrud kuwa ta gaji tanda. Uwar ba ta ga ranar da ya kammala ba. Aka binne ta jikin katangar coci, kuma duk Asabar Hiltrud tana can da butar ban-ruwa tana gyara furannin kabarin, don a Lenrath da kabarin uwarka ake auna tarbiyyarka.

Da kamfanin haƙar kwal ya fara cinye ƙauyukan maƙwabta, mutanen garin suka ce gara su tsayar da nasu ɗan takara. Hubert ya hau bayan mota a dandali, ya rantse muddin yana numfashi ba mai taɓa Lenrath. Ƙuri'a kam ya same ta, har ta tsofaffin da aka turo a keken guragu. Ya tafi majalisar dokokin jiha, ya ƙware a jawabi, ya ajiye tumbi. Ranar da aka kaɗa ƙuri'ar faɗaɗa ramin kwal, jam'iyyarsa ta ce kowa ya ɗaga hannu. Hubert bai ɗaga ba, bai kuma tashi ya ƙi ba. An gan shi a baranda yana shan kofi.

"Ni fa ban goyi baya ba, Yaya," in ji shi da ya zo gida.

"Na sani, ranka ya daɗe," in ji Hiltrud. "Fitsari ne ya matse ka, ko?"

Jam'iyya ba ta manta alheri ba. Da wa'adinsa ya cika aka naɗa shi alƙali a kotun da ake ƙarar gwamnati. Mutanen Lenrath suka shigar da ƙara cewa ko gidaje za su tafi, a bar musu maƙabarta, ƙarar kuma ta faɗa gabansa. Hiltrud, da yake wauta ba ta da magani, har kek ɗin tuffa ta gasa masa. Sai ga shi ya janye daga shari'ar, wai shi ɗan garin ne, doka ta hana. Kuma gaskiya ne, ta hana. Abin da ke ƙona mata rai shi ne, duk tsawon rayuwarsa doka ba ta taɓa hana shi abin da yake so ba. Wani alƙali da bai taɓa taka Lenrath ba ya kori ƙarar.

Ranar tonon kaburbura Hubert yana taro a birni. Hiltrud ita kaɗai ta tsaya a kan ma'aikata. Suka tsinci abin da suka iya tsinta na ƙasusuwan uwar suka zuba a ɗan akwatin da bai kai tiren burodi ba, aka kai sabuwar maƙabarta. Sauran kuwa injin haƙa ya kwashe, tare da coci da katangarsa.

Hubert ya yi ritaya da lambar yabo, jarida ta ce ba a taɓa kama shi da son kai ba. Yanzu yana gidan kula da tsofaffi, ɓarin jikinsa ya shanye. Hiltrud tana zuwa ba shi abinci, don hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ran nan tana ba shi miya ya kama mata hannu.

"Yaya, in na riga ki, a kwantar da ni kusa da Mama."

Ta ajiye cokalin. "Wace Mamar, Mai Shari'a? Ta cikin ɗan akwatin, ko ragowar da aka ƙona da kwal aka kunna maka fitilar nan?"

Ta ga idonsa ya tafi ga ƙofa. A buɗe take, amma ƙafafun sun ƙi tashi. Hiltrud ta ja kujera ta zauna tsakaninsa da ƙofar, ta fara ba shi labarin tonon tun daga shebur na farko.