Kunnen Issaka na Dama

Duk wanda ya taɓa kai niƙan barkono kasuwar Nima ya san Issaka, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai gemu fari fat da garin masara, wanda sai ka taɓa kafaɗarsa kafin ya san ka iso. Shekara goma sha tara yana tsaye a gindin injin niƙa, tun injin yana hannun mahaifinsa, mutumin Bawku da ya sauko Accra yin dako ya ƙare da rumfa tasa ta kansa. Injin nan kuwa ba ya magana a hankali. Idan aka tayar da shi, kwanon rufin rumfar har rawa yake yi. To, Issaka sai ya samo wa kansa dabara, irin dabarar da ba a gane wautarta sai an daɗe: ya cusa iyafis a kunne, ya ƙure ƙarar waƙa har ta danne kukan injin. Haka yake wuni, daga safe har la'asar.

Hip-hop yake ji, ba wani abu ba. Shi ba mawaƙi ba ne, ko baiti ɗaya bai taɓa rerawa ba, kuma gara da bai gwada ba, don muryarsa ba ta da maraba da ta injin. Sauraro ne sana'arsa ta biyu. Sabon albam sau uku yake jinsa. Na farko don kiɗa, na biyu don magana, na uku don numfashi. Ya ce mawaƙin da ke ba da labarin wahalar da bai sha ba, a wurin jan numfashi ake kama shi, domin zai ja shi inda bai kamata ba. Mutane suka yi ta yi masa dariya a kan wannan, daga baya suka koma suna faɗa kamar su suka gano.

Bes ɗinsu, wato majalisar da suke zama a bakin babbar gwata mai kwashe ruwan unguwa, benci uku ne da sifika ɗaya da tukunyar Seidu mai dafa ataya, shayin nan mai kauri. A nan al'adar ta kafu, ba wanda ya san ranar da ta fara. Duk yaron zango da ya fitar da albam, daga Nima ne ko Maamobi ko Alajo, sai ya kawo shi ranar Asabar bayan la'asar. A kunna daga farko har ƙarshe, ba mai magana, ba mai tashi. Issaka yana kan wata 'yar kujera ta katako, kansa jingine da jikin sifikar. Idan aka gama, Seidu ya miƙa masa kofin ataya. In ya sha, albam ya yi. In ya juye a gwata, to, mai shi ya koma ya sake zama. Kafin magariba hukuncin ya zaga wayoyin unguwa uku. Shi ya sa suke ce masa Kunne.

A bana ma ya sha wa Suweiba 'yar Maamobi, wadda ta yi albam a kan 'yan mata masu dako da kwano a ka. Ya ce duk inda ta tsaya ta ja numfashi, daidai inda mai kaya za ta tsaya ta gyara gammo ne. Na Abdul-Latif ɗan Alajo kuwa ya juye masa a gwata ba tare da ya ɗago kai ba. Ya ce yaron da bai taɓa wuce tashar Circle ta nan Accra ba yana waƙar sanyin ƙanƙara, wa zai yaudara?

Abin da babu wanda ya sani a bes shi ne, duk hukunce-hukuncen nan da kunne ɗaya aka yanke su.

Da azumin shekara biyu da suka wuce wani siririn fito ya fara masa a kunnen hagu. Ba ya tsayawa, ko yana salla, ko yana cin abinci. Wata huɗu yana yi, sannan wata safiya ya tashi ya ji shiru. Ya yi murna, bawan Allah, ya ɗauka sauƙi ne ya samu. Ashe kunnen ne ya tafi gaba ɗaya. Bai faɗa wa kowa ba. Ya juya kujerarsa ta yadda na dama zai fuskanci sifika, ya kuma koyi ɗora tafin hannu a jikin akwatin don ya riƙa jin bugun gangar ta fata. 'Yan bes suka ɗauka sabon salo ne, har wasu suka fara kwaikwaya.

Matarsa Azara ce ba ta ruɗu ba. Mai sayar da waakye ce, wato shinkafa da wake, a Maamobi, kuma wurin niƙan barkono suka haɗu. Ta lura in ta kira shi ta hagu sai ya ci gaba da abin da yake yi. Shekara bakwai suna tare ba haihuwa, sun sha magani, sun sha surutun dangi, sai bana Allah ya kawo rabo. Tana da ciki wata takwas ta tasa shi a gaba har asibiti.

Aka sa shi a wani ɗan ɗaki, aka rufe masa kunnuwa da na'ura, aka ce duk lokacin da ya ji ƙara ya danna maɓalli. Ya zauna yana jira a fara. Da ya ɗaga ido ya ga fuskar ma'aikaciyar ta cikin gilashi, sai ya gane an daɗe da farawa.

Likitan bai ɓoye masa komai ba. Ya ce na hagu ya mutu, ba zai dawo ba. Na dama saura kaɗan, kuma ƙara mai ƙarfi guda ɗaya tana iya ƙarasa shi. Ya toshe kunne a wurin injin, ya rabu da iyafis, kada ya ƙara kusantar sifika.

A cikin torotoro, motar haya, suna komawa Azara ta zauna ta damansa, ta ce, "Maigida, shekara bakwai nake jiran kukan yaron nan. Kai ba ka son ka ji shi?"

Tsoro ya kama Issaka, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya zare iyafis ɗin daga wuya ya miƙa mata. Sati uku ya yi yana aiki da auduga a kunne, ya ce wa 'yan bes mura ke damunsa. Sati ukun nan, wallahi, ya cika alkawari.

Sai Jalilu ya zo.

Jalilu tela ne a wajen Kanda, kuma shekara huɗu da suka wuce Issaka ya juye masa ataya a gwata a gaban jama'a. Da wani ne, da ya yi fushi ya daina gaishe shi. Jalilu bai yi ba. Ya koma ya yi shiru, yana ɗinki da rana yana rubutu a bayan takardar awo. Ranar nan ya tsaya a bakin rumfa har aka kashe injin, ya durƙusa ya gaishe shi da "Sinya", yadda yaran bes ke kiran na gaba da su.

"Sinya, na gama. Waƙa goma sha ɗaya. Ba zan sake shi ba sai ka ji. Ta bakwai kuma taka ce."

Kalma ɗaya ta isa. Abin da ya rage kawai ya ce masa, Jalilu, kunnena ya lalace. Amma sai a ce tun yaushe? Sai Abdul-Latif ya ji cewa kurma ne ya zubar masa da aikin shekara biyu a gwata. Sai Suweiba ta fara shakkar kofin da aka sha mata. Kuma in ba Kunne ba ne shi, to wane ne? Mai niƙan barkono kawai. Issaka ya kalli ƙasa ya ce, "Asabar."

Azara da ta ji, ba ta yi faɗa ba. Ya rantse mata zai zauna nesa, zai kuma sa auduga. Ta yago audugar da hannunta ta cusa masa a aljihun riga.

Tun daga kan kwana ya ga abin da ya tsayar da shi cak. Ba 'yar sifikar bes ba ce. Jalilu, don ya girmama ranar, ya ɗauko hayar manyan akwatunan sifika huɗu irin na bikin suna, an ɗora biyu a kan biyu, sun fi mutum tsawo. Jama'a sun cika layin har kan gada. A gindin akwatunan kuwa ga 'yar kujerarsa, an yi mata sabuwar riga ta yadi mai kyau, ɗinkin Jalilu.

Ya zauna, don babu inda zai ce a mayar da ita. Ya zaro audugar a ɓoye yana turawa a kunne, sai Seidu ya hango.

"Kai, Sinya! Auduga? Cale, abokina, tun ba a kunna ba ka fara toshe kunne?"

Aka kwashe da dariya. Jalilu bai yi dariya ba. Fuskarsa ta faɗi, ya sunkuyar da kai kamar an riga an juye kofin. Issaka ya dube shi, ya dubi jama'a. Ya ciro audugar ya yar, iska ta kwashe ta ta jefa a gwata.

Aka kunna.

Kai, yaron nan ya yi aiki! Waƙar farko da kiran kwandastan torotoro ta buɗe, Circle, Circle, Circle, sannan gangar Dagomba ta shigo ta ƙarƙashi, a hankali, tana tafiya kamar mai ɗauke da kaya. Jalilu ya fara da Hausa, ya tsallaka yaren Twi, ya leƙa yaren Ga, ya dawo gida bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. A ta biyu ya rage kiɗan har ya kusa ƙarewa, ya bar kalmomi su tsaya da ƙafarsu, suka kuma tsaya. Ta huɗu a kan mahaifiyarsa ce mai sayar da koko, yadda ruwan sama ya tafi da tukunyarta a gwatar nan da suke zaune a bakinta. A tsakiyar baiti muryarsa ta karye, ya ja numfashi, bai goge wurin ba, ya bar shi haka. Hawaye ya zubo wa Issaka. Shekara goma sha tara abin da yake nema ke nan.

Amma kowane bugu yana shiga kunnensa kamar ana buga ƙusa. A waƙa ta biyar ya ji shi: siririn fiton nan, wanda ya sani sarai, wannan karon a dama. Gumi ya karyo masa. Zai iya tashi. Taku goma ne zuwa bayan benci. Sai dai ba a taɓa tashi ba kafin albam ya ƙare, kuma in Kunne ya tashi, an kashe Jalilu ke nan. Ya ce wa kansa bari ta bakwai ta wuce.

Ta bakwai ta fara da wata ƙara da ta sa shi zabura. Injinsa ne. Nasa na kansa, da wannan ɗan tsalle da bel ɗin yake yi a kowane zagaye na uku. Ashe Jalilu ya taɓa tsayawa a bayan rumfa da waya ya naɗi kukan injin, ya yanka shi, ya mayar da shi kiɗa. Jama'a suka gane, suka manta da dokar shiru, wuri ya kaure da ihu. Wani ya kai hannu ya ƙure ƙarar.

Issaka ya ji Jalilu ya ce, "Akwai wani mutum a kasuwa." Daga nan sai ɗif, kamar an danna kansa cikin randa.

Ya ga bakuna a buɗe. Ya ga hannuwa suna nuna shi, Seidu yana tsalle da buta a hannu, Jalilu yana dubansa yana murmushi yana jira. Ana kiran sunansa, ya gani a leɓunansu. Akwatin yana ta bugu a ƙarƙashin tafinsa. Haka ya zauna waƙa huɗu da rabi, yana gyaɗa kai daidai da abin da hannunsa ke faɗa masa. Da katakon ya daina rawa ya san an gama. Ya karɓi kofin ya shanye, kuma a kan abin da ya samu ji, bai yi ƙarya ba.

A hanyar gida ya ga mutane sun jeru suna alwala a bakin masallaci. Bai ji kiran ba. Azara tana zaune a ƙofar ɗaki tana tsince wake. Ta yi masa magana, shi kuma ya tsaya yana kallon bakinta. Ta sake yi. Sannan ta ajiye tiren a hankali, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suka fara girgiza.

Likita a takarda ya rubuta masa amsar: wataƙila kaɗan ya dawo, wataƙila ba zai dawo ba.

Kwana goma sha ɗaya bayan haka, ranar Laraba da hantsi, Azara ta sauka. Mace ce, wadda za a sa wa suna Mariatu. Surukarsa Hajiya Amama ta miƙo masa ita a cikin zane don ya yi mata kiran salla a kunne. Ya duƙa kan ɗan kunnen nan na dama, sabo ful, ko ƙwayar ƙara bai sha ba. Ya fara, bai san ƙarfin muryarsa ba, sai da Hajiya ta dafa shi ta yi masa alama ya sassauta.

Jaririyar ta buɗe baki. Fuskarta ta yi ja, ɗan harshenta yana karkarwa, matan ɗakin duk suna dariya. Issaka ya ɗora tafin hannunsa a ƙirjinta. Ya ji shi yana rawa, ya tsaya, ta ja numfashi, ya sake rawa.

"Wannan ba ta ƙarya," in ji shi.

Ya juya wurin matarsa. "Azara, yaya muryarta take? Siririya ce ko mai kauri?"

Azara ta share ido ta ba shi amsa. Ya ga bakinta ya motsa.