Kabari na Farko a Urubetsu

Ranar Talata, shida ga watan Fabrairu na shekarar 1934, da hantsi, Tsushima Kiwa mai kantin bakin gaɓa ta rasu a nan Urubetsu, a gabashin tsibirin Karafuto. Shekarunta sittin da huɗu. Ciwon ƙirji ta yi na kwana tara. Teku ta daskare tun watan Disamba, hanyar tudu ta toshe da ƙanƙara, likita bai samu isowa ba. Ni Riyo, matar marigayi Sutezo masunci, ni na rufe mata ido.

Yaya Kiwa, ke kika fara tarbata ranar da jirgi ya sauke mu, shekara ashirin da biyu ke nan. Ina tsaye a kan yashi da ƙunshin kayana ina kuka, kika dube ni kika ce, "Shekara nawa mijin naki ya ce za ku yi?" Na ce uku. Kika yi dariya kika ce, "Nawa ma uku ya ce." Kika ja ni cikin kanti, kika ba ni shayi da takalman roba, kika nuna mini yadda ake cusa busasshiyar ciyawa a ciki don kada yatsu su mutu.

Kowa a garin nan shekara uku ya zo yi. Kifi ya yi albarka, a tara abin da aka tara, a koma gida. Da wannan magana muka gina makaranta, muka gina gidan wanka, muka kafa 'yan kashe gobara da majalisar gari. Kantinki ya zama wurin shinkafa da gishiri da kananzir, nan ake karɓar wasiƙa, nan ake jin wanda ya haihu da wanda ya yi faɗa da matarsa. Abu ɗaya ne ba mu yi ba, makabarta. Duk kaka sai kin tayar da maganar a majalisa, duk kaka sai mai gari Ebina ya ce, "Haba uwar kanti, wa ya ce miki a nan za mu mutu?" Ke kuma ki ce, "Ka leƙa ɗakin bayana ka tambaye su."

A ɗakin nan na baya kike ajiye matattunmu. In an ƙona mutum, sai a zuba ƙasusuwansa a ƙaramin akwatin katako, a naɗe da farin ƙyalle, a kawo miki. Kina share musu ƙura, kina kunna musu turare kowace safiya kafin ki buɗe ƙofa. In ƙanƙara ta fashe a watan Mayu, jirgin farko ya zo, sai ki shiga za ki saro kaya, akwati rataye a wuyanki, wasu a cikin kwando. Ƙauye ƙauye kike bi a Aomori da Akita, yankunan da muka fito, kina miƙa kowa ga danginsa. Ba wanda ya sa ki wannan aiki. Mutum arba'in da ɗaya kika kai gida.

Ɗaya ne kika dawo da shi, mijina. Jirgin kamun kifi ya kife da Sutezo shekara tara da suka wuce. Da jirgin farko ya zo, na raka ki da akwatinsa har bakin ruwa, na yi masa ban kwana, na ce ya je ya huta kusa da iyayensa. Bayan wata guda sai ga ki kin sauko da farin ƙyallen nan a wuya. Ba ki ɓoye mini komai ba. An sayar da gidansu, 'yan'uwansa sun watse, wanda kika samu ya ce bai san shi ba, kuma ba shi da wurin baƙo. Kika ce, "Ƙanwata, can ɗin ma ba gida ba ne yanzu. Bar shi a wurina, ba ya cin shinkafa." Na yi dariya ina hawaye. Tun ranar mijina yake kan katakon ajiye kaya tsakanin buhun gishiri da bango, ba a can ba, ba a cikin ƙasa ba. Kullum na zo sayen man fitila sai kin ce, "Shiga ki gaida mai gidanki, yau ma bai fita ba."

Daga wannan shekara ba ki ƙara yin maganar makabarta da wasa ba. Filin tudun da ke bayan rumfunan shanyar kifi kike so. Takarda ɗaya ce za a aika ofishin gwamna a Toyohara, amma sai mai gari ya buga hatiminsa, shi kuwa ya ƙi. Ban ga laifinsa ba. Ni kaina da nake son mijina ya kwanta a ƙasa, ba na son jin maganar. Haƙa kabari a nan yana nufin mun yarda ba za mu koma ba.

Ana gobe za ki rasu, da rana, kika sa aka kira Ebina da ɗanki Genzo. Numfashi yana yi miki wuya. Genzo ya ce ki kwantar da hankalinki, shi da kansa zai kai ki Aomori a jirgin farko. Kika ce, "Ka kai ni wurin wa? Na ga yadda ake karɓar akwati a can, ɗana. A nan nake da mutane." Sannan kika juya ga mai gari. "Ebina, tsohon banza, ka ce ba mai mutuwa a nan. To ga ni zan mutu. A tudun nan za ku sa ni, Sutezo a gefena. In ka ƙi, a ajiye ni a ɗakin kwananka."

Bayan kwana bakwai da rasuwarki majalisa ta zauna a ajin makaranta. Mu mata muka tsaya a baya kusa da murhu. Ebina ya daɗe yana juya hatimi a hannunsa, sannan ya danna shi a takarda ya ce, "Ni ma a bar mini wuri, amma nesa da ita, kada ta hana ni barci da surutu." Aka yi dariya kaɗan. Tsoffin masunta suka sunkuyar da kai. Kowa ya gane abin da aka sa wa hannu.

Yanzu an kafa turke a tudun, kansa kawai ake gani a cikin ƙanƙara. Ƙasa ta yi tauri kamar dutse, ba ta haƙuwa sai Mayu. Akwatinki yana ɗakin baya kusa da na Sutezo, ni nake kunna muku turare. Shekara ashirin da biyu ina hawa tudun nan don in hango hayaƙin jirgi. Jiya na hau, na juya wa teku baya, na auna wurin da aka ware muku da ƙafata. Zai ɗauki mutum uku ba matsi, ke da Sutezo da ni.

Yaya Kiwa, Amida mai jinƙai da muke bauta wa ya karɓe ki, ya yafe miki kurakuranki, ya ba ki hutun da ƙafafunki ba su samu ba a duniya. Waɗanda kika kai gida su tarbe ki a bakin ƙofa. Ina yi wa Genzo da matarsa da 'ya'yansu ta'aziyya, da duk mutanen Urubetsu, a ba mu haƙurin rashinki. Genzo, kada ka ji kunyar cewa ba ka kai mahaifiyarka gida ba. Jirgin farko zai zo ya tafi, ita tana nan tare da mu, mu ma muna nan.