Ɗan'uwan Umma Na Kan Dutse

Daga Sa'alaba

Ƙarfe huɗu na asuba na tayar da mota a ƙofar gidanmu da ke unguwar Sa'alaba a Jidda ina ta hamma. Umma kuwa tun ban sauko ba ta kame a kujerar gaba, ta rungume jakarta kamar za a ƙwace mata. Ƙanwata Zainab ta shige baya da fulas ɗin shayi, ta ce kada wanda ya tashe ta sai an ga dutse, halas, magana ta ƙare.

Bari in faɗa muku abin da ya fitar da mu. Iyayen Umma mahajjata ne da suka tsallako teku ta Sudan, suka sauka can kudu da Makka. Kakanmu ya hau duwatsun Baha neman aikin gini don su sami guzurin ƙarasawa Makka, a can aka haifi Umma. Zazzaɓi ya kwantar da mahaifiyarta, nono ya ɗauke. Wata mata a ƙauyen mai suna Azza, wadda ke goyon ɗanta Jam'an, ta ɗauke ta ta haɗa su ta shayar kusan shekara guda. Sau ɗaya aka taɓa mayar da Umma can, tana yarinya. Da ƙaninta Kawu Musa ya rasu bara, ana gama zaman makoki ta dube ni ta ce, "Harisu, yanzu ba ni da sauran ɗan'uwa a duniya sai na kan dutse. Ka kai ni."

Na yi ta hanya-hanya wata da watanni, ina cewa aiki ya yi yawa a tashar jiragen ruwa. Gaskiyar magana tsoro nake ji. A Jidda aka haife ni, na san yadda wasu ke furta kalmar "takruni", sunan da ake kiran irinmu baƙaƙen fata 'yan asalin ƙasar Hausa, idan suna so ka san matsayinka. Ina tsoron in kai tsohuwar nan ƙofar mutane su ce ba su san da zancen ba.

Hanyar gaɓar teku

Mun yi asuba a masallacin wani gidan mai bayan mun fita gari. Daga nan hanya ta miƙe ɗoɗar, teku a dama, rairayi a hagu, babu abin kallo sai raƙuma jefi-jefi. A shingen bincike jami'in ya karɓi iƙamarmu, wato katin izinin zama, ya leƙo ya ce, "Ina zuwa?"

Kafin in buɗe baki Umma ta ce, "Wajen ɗan'uwana, ya waladi."

Ya miƙo mana katunan ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ita ko a jikinta, ni ne gabana ya faɗi.

A garin Lis muka karya da ful, wato dafaffen wake, da gurasar tamis mai zafi. Umma ta ce ful ɗin bai ji man zaitun ba, amma ta share kwanon tas. Muka ci gaba har Muzailif, inda muka bar teku muka karya hagu. Wajen sha ɗaya da rabi muna Makhwa, a gindin duwatsu, zafi kamar a bakin murhu. Na sayi ƙanƙara na cika kula, ina ji da kaina a matsayin matafiyi mai tsari.

Hawan dutse

Wanda bai taɓa hawa wannan hanya ba, ba zai yarda da labarinta ba. Mota na zagaye dutse, ta shige rami da aka huda a cikinsa, ta fito kan gada, ka leƙa ƙasa ka ga Makhwa ta koma kamar an watsa shinkafa a tabarma. Birai zaune a bakin titi garke-garke, suna kallon motoci kamar masu karɓar haraji. Zainab ta farka ta miƙa wa ɗaya biskit, ya fizge ledar gaba ɗaya. Ta yi ihu da Larabci, Umma ta yi dariya har da tari.

Muna kaiwa sama duniya ta canja. Gajimare ya sauko ya kwanta a kan titi, su a can dabab suke ce masa. Na sauke gilas, iska ta mare ni, na mayar da sauri. Mu 'yan Jidda ne, sanyin da muka sani shi ne na mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, wanda in ya dame ka sai ka kashe. Mun taho da ƙanƙara, da mafici har biyu, amma babu wanda ya tuna da rigar sanyi ko ɗaya. Muka kama ɗaki a cikin garin Baha, mai gidan ya dubi silifas ɗin ƙafata ya ce, "Daga Jidda?" Na ce yaya aka yi ya gane. Sai kawai ya je ya ɗebo mana barguna uku. Muka ci shinkafa da kaza muna ƙudundune, ƙanƙarar nan kuwa har gari ya waye ba ta narke ba.

Neman ƙauyen

Da hantsi muka fita, bayan na saya wa kowa jibgegiyar rigar sanyi. Umma ta riƙe sunan ƙauyen, kuma ta tuna gidan yana gindin wata hasumiyar dutse mai ado da fararen duwatsu a samanta. Matsalar ita ce a ƙasar nan kowane tudu da irin wannan hasumiya.

Amma ban yi nadamar ɓatan da muka yi ba. Bayan gari fili ne mai faɗi, ciyawa gajera jiƙe da raɓa, duwatsu baƙaƙe a warwatse, da itatuwan ar'ar da iska ta tanƙwara su gefe guda. Gonaki hawa-hawa a jikin tudu kamar matakala, kowacce an tokare ta da katangar dutse da babu siminti ko laka. Wasu an shuka alkama, da yawa an bar su ciyawa ta cinye. Umma ta sa na tsaya, ta sauka ta dafa wata katanga ta daɗe tana shafawa. Ta ce, "Irin aikin Baba ke nan. Wa ya sani ko hannunsa ne." Zainab, wadda ba ta rabuwa da waya, ta sa ta a aljihu.

Muka ratsa wani tsohon ƙauye da mutanensa suka koma gidajen bulo a bakin titi. Gidajen dutsen na nan tsaye, ƙofofinsu na katako an sassaƙa musu zane, rufin wasu ya rufta. Babu motsin kowa sai awaki. A ƙasan ƙauyen muka tarar da wani dattijo yana sayar da zuma a bayan motarsa. Na saya don in sami bakin tambaya.

"Ya ammi, muna neman Jam'an."

"Wanne? Rabin mazan dutsen nan Jam'an ne."

Umma ta leƙo ta taga ta ce, "Wanda uwarsa Azza, mai gida a gindin hasumiya."

Ya ce, "Allah ya ji ƙanta. Yana nan, ya tsufa, ƙafa ta ƙi. Ku bi nan, bayan rijiya ku hau dama." Ya bi mu da kallo har muka ɓace.

A ƙofar gida

Gidan sabo ne, an gina shi kusa da tsohon, hasumiyar na bayansa. Na ƙwanƙwasa. Wani magidanci sa'ana ya fito, daga baya na san sunansa Sa'id, ɗan Jam'an. Ya dube ni, ya dubi tsohuwa baƙa cikin niƙabi tsaye a bayana, sai ya sa hannu a aljihu zai ba mu sadaka.

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Abin da na yi ta gudu ke nan. Na kama hannun Umma na ce da Hausa, "Umma, yalla mu tafi."

Ta zame hannunta. Ta ce masa da Larabcinta na Jidda, "Mayar da hannunka, ɗana. Ka ce wa babanka Hauwa ta zo."

Ya rasa yadda zai yi, amma baƙo baƙo ne. Ya ce mu shigo, ya nuna wa Umma da Zainab ƙofar ɓangaren mata. Zainab ta bi, Umma ta ƙi. Ta ce ita wurin Jam'an ta zo. A ƙasar nan mace baƙuwa ba ta shiga majalisar maza, amma kafin Sa'id ya gama bayani ta riga ta cire takalmi.

Tsohon na jingine a kusurwa, an rufa masa bargo a ƙafa, siriri, gemu fari fat. Akwai maza uku suna shan gahawa. Umma ta tsaya a tsakiyar ɗakin ta ce, "Ni ce Hauwa 'yar Adamu magini. Na sha nonon Azza tare da kai."

Ya ajiye kofinsa a hankali, ya daɗe yana kallonta, har na fara lissafin taku nawa ne zuwa mota. Sai ya ce wa mazan nan uku su ɗan ba shi wuri. Suna fita Umma ta ɗaga niƙabinta. Tunda na yi wayo ban taɓa ganin ta buɗe fuska a gaban wani namiji ba sai mu 'ya'yanta da Kawu Musa.

Tsohon ya yunƙura zai tashi, ƙafa ta hana. Ita ta durƙusa, ya kama kanta da hannu biyu ya sumbaci goshinta, yana kuka kamar yaro. Ya ce, "Uwata ta rasu tana ce mini ina da 'yar'uwa a Jidda. Sau biyu na sauka ina tambayar Hauwa takruniyya. Kowane gida na shiga sai a fito mini da Hauwa uku."

Umma ta ce, "Ai da ka ce mai kyan, da an kawo ka."

Ya yi dariya cikin hawaye, sannan ya ɗaga murya: "Sa'id! Zo ka gaida gwaggonka." Sa'id ya zo kansa a ƙasa, ya sumbaci kan Umma, ya kasa haɗa ido da ni. Na dafa kafaɗarsa, don ni ma ban fi shi gaskiya ba, da ta ni ce da tuni muna hanya.

Aka yanka rago. Aka kawo wata gurasa da ake gasawa a kan dutse, faɗinta ya kai faranti babba, da zuma da man shanu. Matan gidan suka kewaye Zainab suna koya mata sunayen dangi, tana ta rikicewa. Da yamma Sa'id ya hau da ni cikin hasumiyar, ya nuna mini inda kakanninsa ke adana hatsi da inda suke tsayawa gadi. Daga sama na hango tsofaffin biyu an fito da su rana, suna ta musu a kan wanda ya girmi wani.

Komawa

Kwana biyu muka yi. Da safiyar ranar tafiya na loda kaya, na zo in kama Umma, sai na tarar da ita a kicin tana tuƙa musu tuwo da garin da ta ɓoyo a jakarta. Ta ce, "Ku je, aiki na jiranku. Sa'id zai kawo ni bayan sati biyu." Na ce maganinta fa? Ta ce ta taho da na wata guda. Ashe ni kaɗai na fito da shirin a kore mu.

Muka gangaro ni da Zainab, mota cike da zuma da rumman, kujerar gaba babu kowa. Zafin Jidda ya tarbe mu tun daga Lis, muka shiga Sa'alaba bayan la'asar lafiya lau. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, Allah ya ji ƙan Azza, ya saka wa zuriyarta da alheri.

Ina sauke kaya maƙwabciyarmu Khala Asabe ta leƙo ta taga, ta duba motar ta ce, "Harisu, ina kuka baro Hauwa?"

Na ce, "Ta je ganin gida, Khala." Na shekara arba'in da ɗoriya ina jin mutane na faɗin haka a kan iyayensu in sun tafi ƙasarsu ta asali, mu kuwa ba mu da inda za mu kira gida. Ran nan ne na fara faɗa da bakina.